Wa Ya Bar Ki Kika Fito?

Hotuna goma sha biyu mai hoto ya shimfiɗa a kan tebur. Edita ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana gaya wa mata abin da za su sa. Da riƙe wa wasu allura da dutsen guga ta fara, har ta kai inda in ta ce yayin launin kore ya mutu, kafin ƙarshen wata teloli sun binne shi. Amma abin da ya yi mata suna shi ne shafin ƙarshe na mujallarsu ta kwalliya, mai taken "Wa Ya Bar Ki Kika Fito?" A ɗauki hoton mace a titi ba da saninta ba, a rufe fuskar da baƙin layi, Edita ta yi mata wankin babban bargo. Mata suna tsine wa shafin, kuma shi suke fara buɗewa.

Tun da ta dawo aiki bayan rasuwar 'yarta shafin ya yi sanyi, mai kamfanin kuma bai ɓoye mata ba.

"Ya ƙarin haƙuri?" ya ce ranar Litinin, bai jira amsa ba. "Wata uku ke nan alƙalaminki ba ya cizo. In wannan fitowar ma haka ce, mataimakiyarki zan ba kujerar."

Ta ce to. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji haushi ba, ta daɗe ba ta ji komai ba. Ta dai san in aka karɓe kujerar ba ta da inda za ta je da safe, sai ta yini a gida ita da ɗakin yarinyar da ba ta buɗewa.

A hoto na tara ta tsaya. Mace ce ta ba da baya, tana tafe a gefen wata doguwar farar katanga. Rigarta a baibai, ɗinkin duk a waje. Takalmi ɗaya baƙi ne mai tsini, ɗaya silifas na roba. A hannunta farar leda.

"Wannan," ta ce.

"Ranki ya daɗe, tsohon hoto ne," in ji mai hoton, "tun kafin in fara aiki da ku. Daga cikin mota na ɗauke ta. Na zaci ma taɓaɓɓiya ce."

"Lafiyarta ƙalau. Taɓaɓɓiya ba ta sa siliki irin wannan."

Ya ɗaga hoton ya kai kusa da ido. Shi dai bai ga yadda za a gane siliki daga wannan nisan ba, amma ai ba banza ta zama Edita ba.

"A yanke ledar," ta ce.

"Ai ita ce ta ƙara armashin..."

"A yanke."

Minti huɗu ta yi tana rubutu:

"Baiwar Allah, gobara ce ta koro ki? Riga a baibai, ƙafa ɗaya za ta biki, ɗaya za ta banɗaki. Ko daƙiƙa biyar ba ki da ita ta duba madubi? To gaya mana, duk saurin nan da kika yi, kin isa a kan lokaci kuwa?"

Mataimakiyarta ta karanta, ta yi dariya har da hawaye. Mai kamfanin ya leƙo da kansa yana tafi. "Yauwa! Yanzu kika dawo!" Ta sa hannu, aka tura shafin maɗaba'a.

Ƙarfe biyar ta isa gida. Ta wuce ƙofar da ba ta buɗewa, ta shiga ɗakinta, ta durƙusa ta jawo durowar ƙasa. Farar ledar da aka ba ta a asibiti tana nan a ƙulle, da tabarau da wayar 'yarta a ciki. Ga rigar silikin, har yanzu a baibai, ga baƙin takalmi mai tsini da silifas na roba, kowanne ba ɗan'uwansa.

Ba ta isa a kan lokaci ba. Da minti goma ta makara.