Man Inji Kamar Koko

Wahala dai mun sha ta a shekarun nan. Abinci babu, kayan mota babu. Duk abin da muke ci a gida daga tsohuwar tasin Baba yake fitowa, wadda aka shigo da ita daga Jamus.

Ran nan da la'asar motar ta fara zafi tana fitar da farin hayaƙi. Muka lallaɓa da ita unguwar Nyohini, wajen makanikai. Baba ya wuce makanikai da yawa, ya tsaya wurin Masta Kwame, mutumin Kumasi. Ya ce mini, "Wannan ba ya kwance inji sai ya saurara."

Masta ya kasa kunne, sannan ya zaro sandar auna mai. Man ya yi fari-fari kamar koko. Ya murza shi a yatsa.

"Alhaji, ruwa ya shiga. Kan injin ya tsage. Irinsa ko a Accra babu."

"To yaya, Masta?"

"Cire tayoyin ka sa a ɗaki, kafin wani ya cire maka."

Baba ya tada motar, muka lallaɓo gida. Ni yunwa kawai nake ji. Har yau in na tuna, ita nake ji.

Washegari da safe ban je makaranta ba. Duwatsu na ɗebo, muka ɗora motar a kai.