Wanda Ya Saci Inuwar Magajin Gari

Dariyar mai gado na shida ce ta sa nas ta leƙo karo na uku a safiyar nan.

"Baba, a hankali, ka tuna zuciyarka," ta ce. Tsohon hedimastan ya kore ta da hannu, hawaye na gangarowa daga idanun da ciwon suga ya kashe shekara biyu da suka wuce.

"Ci gaba, Auta. Sai aljanin ya yi yaya?"

'Yarsa ta gyara zama a kujerar roba, ta juya shafi. Kwana tara ke nan tana biyowa asibiti kafin ta buɗe kantin magani, ta karanta masa babi guda. Labarin wani aljani ne mai binciken laifi, direban tasi, matsoracin kyanwa, wanda aka ɗauka ya gano ɓarawon da ya saci inuwar magajin gari. Shaidarsa ɗaya tak, wata fatalwa da ke zaune cikin lif, ba ta magana sai tsakanin hawa na uku da na huɗu. Haka aljanin ya yini hawa da sauka yana tsintar zance kalma bibbiyu.

Mutumin da ya shekara talatin yana ƙwace irin waɗannan littattafai a hannun ɗalibai, shi ne yanzu ke ƙyaƙyatawa har ledar ƙarin ruwa na rawa.

Wani lokaci Auta takan tsaya tsakiyar jimla, ta kawo takardar dab da fuska, kamar wani abu ya bi ta kan rubutun.

"Karatun ma gagarar ki yake," yakan ce. "Kin ga mai littafin nan? Wannan shi ake kira kai. Ba irinki ba, da sai da na tsaya da bulala kafin ki iya ƙirga ƙwayar magani."

Ya tambayi sunan marubucin, ta ce bai shahara ba. Ya miƙo hannu zai taɓa littafin, ta ce takardun sun tsufa, za su zube.

Yau ƙarfe goma za a shiga da shi tiyata. Likita bai ɓoye musu ba: ana iya fitowa, ana iya rashin fitowa. Hedimasta bai yi tambaya ko ɗaya kan aikin ba. Abin da ya dame shi saura babi guda. Da farko ya zargi wanzamin magajin gari, ya koma kan matar magajin garin, jiya kuma ya rantse inuwar ce ta gaji da mai ita ta gudu.

Tara da rabi Auta ta kai wurin da za a tona asirin ɓarawon. Aljanin ya tara kowa a falo, ya kulle ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin kujeru ko da kyanwa, sannan ya ɗaga yatsa: "Ɓarawon inuwar nan ba kowa ba ne illa..."

Ta sauke littafin kan cinyarta.

"Illa wa?"

"Nan ya tsaya, Baba. An yage sauran."

"An yage? Wane jahili ne zai yage wannan? Allah ya isa! Kada ya ga daidai!"

"Amin," ta ce a hankali.

"Nemo wani, yi sauri."

"Babu wani."

Ya lalubo gefen mayafinta ya damƙe. Tun da take ba ta taɓa jin ya roƙi kowa ba. "To ke wa kike zargi? Ko cinta ne ki yi min, Auta, don Allah."

"Ina ni ina sanin labari, Baba? Ƙwaya nake ƙirgawa."

Masu tura gado suka shigo, suka ɓamɓare yatsunsa daga mayafin. Tana jiyo shi a baranda yana tambayar su, "Wanzamin ne, ko? Ku ce wanzamin ne," har ƙofar lif ta rufe.

Ba wanzamin ba ne. Auta ta san ɓarawon tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Ta rufe littafin rubutun makaranta mai jadawalin lissafi a bayansa, ta shafa bangon, inda sunanta yake, da kalmar da mahaifinta ya rubuta da jar biro ranar da ya yage shafi huɗu na ƙarshe a gaban 'yan aji: Shirme.