Hoton da Za a Kai Salaga

Atikatu ta daɗe tana kallon hoton kafin ta ɗago kai. Mayafin nata ne, 'yan kunnen ma nata, amma fuskar ta wata farar mace ce.

"Mutaru, wace ce wannan?"

Mutaru mai hoto ya yi murmushin yaƙe. Bara ya sayo kwamfuta daga Kumasi ya kafa a shagonsa na Bawku, gobe kuma zai kai wa mahaifiyarsa hoton a Salaga, ta ga wadda yake son aura.

"Ke ce mana. Haske na ɗan ƙara, na rage duhu, na sa ja kaɗan a kumatu. Kin san halin tsofaffi."

"Na san nasu. Naka ne ban sani ba."

Zuciyarta ta tafasa. Ashe mai kiranta baƙa kyakkyawa kullum, kunyar launinta yake ji!

"Haba Atika, hoto ne kawai."

Ta kife hoton a kan tebur.

"Hoto dai ka gyara. Ranar da za a kai ni Salaga, ta wace na'ura za ka bi da ni?"

Ta gyara mayafinta.

"Kai wa Hajiyarka wannan farar. In ta amince, ka aure ta."