Ranar da Likita Ya Makara

"Sista, numfashinsa na tafiya!" in ji abokiyar aikina.

Direban da ya kawo mutumin ya ce babbar mota ce ta buge shi a kan babur. Fuskar ta kumbura, jini ya rufe ta. Ba mu tsaya kallonta ba. Haka Likita ya koya mana: "A ɗakin gaggawa ba a kallon fuska, numfashi ake dubawa." Muka yanke rigar da almakashi, muka zuba kayan aljihunsa a leda, muka tura ƙarƙashin gado.

Jini ya taru a ƙirjinsa. Sai an huda an sa roba a zuƙe jinin, kuma duk asibitin nan Likita kaɗai ya iya. Shekara tara muna aiki tare, bai taɓa wuce ƙarfe bakwai ba. Yau har bakwai da rabi shiru.

Na tura masinja ofishinsa, ya tarar a kulle.

"Sai yau da ake nemansa zai makara?" na ce. "Wallahi idan ya zo sai ya ji bakina!"

Na ciro waya na kira shi, ɗaya hannuna a wuyan mutumin, ina jin bugun jininsa na raguwa.

Sai ƙara ta tashi daga ƙarƙashin gado.

Abokiyar aikina ta jawo ledar. Gilashin wayar ya tsage, amma sunan mai kira ya fito ɓaro-ɓaro: "Sista Uwar Faɗa."

A ƙarƙashin yatsuna, bugun ya tsaya.