Ƙofa Biyu

Ranar da dogari ya dawo neman mutum ɗaya daga kowane gida don aikin layin dogon Nasara a Birniwa, babban cikin wasu 'yan'uwa biyu ko kai bai ɗaga daga ƙwaryar fura ba.

"Ƙanena zai je. Ya saba."

Ya saba kuwa. Kowane diban gwamna shi ake turawa, wai babba ba ya barin gida. Bara da ya dawo, tafin hannu duk kanta, ya tarar kogin Haɗeja ya shanye shinkafarsa a fadama, ta wansa kuwa tana rumbu. "Haƙuri," aka ce masa, sai ka ce haƙuri ake tuƙawa a tukunya.

Yau kam sai ƙanen ya miƙe. Kafin dogari ya gama zaga gari, ya kafa zana a tsakiyar gidan ubansu, ya tsaga danga ya fitar da ƙofarsa.

"Yaya, can naka, nan nawa."

"Za ka raba zumunci saboda kwandon ƙasa?"

Dogari ya iso ya dubi ƙofofin, ya dubi ƙanen, ya kwashe da dariya. "Ka cuci kanka, malam. Ƙofa biyu, gida biyu, mutum biyu. Kai ma ba ka tsira ba."

"Na sani."

Suka kama hanya, wan yana baya yana haki, yana zagi. Kwando bai rage nauyi ba, rana ba ta sassauta ba. Amma yau, karon farko, wahalar da ƙanen ya ɗauka tasa ce.