Gaiwa a Busasshen Gulbi

Da hauyarsa ta bugi wani dunƙulen laka, tsohon makiyayin ya ɗauka dutse ne. Ruwa yake tona wa saniyarsa ta ƙarshe a tsakiyar gulbin da ya yi hayar bakinsa don kiwo. Shanunsa sun cinye ciyawar gaɓa tun bara, shi kuma ya sassare rassan gawo har tsuntsaye suka ƙaura. 'Ya'yansa sun bi motar sojoji zuwa Tasawa wurin rabon dawa. Shi ya ƙi, don wani yayyafi ya ruɗe shi, ya zaci damina ce.

Ya farfasa dunƙulen. Ashe gaiwa ce, kifin nan mai kwanciya cikin laka har ruwa ya dawo, ga ta da ranta. Kwana uku rabonsa da abinci.

"Ashe ba ni kaɗai na rage ba," ya ce mata.

Ya karkata goransa zai ɗiga mata ruwa, sai ya tsaya. Ya mayar da ita ramin, ya rufe da ƙasa.

"Yi barcinki. Ba zan yi maki abin da yayyafi ya yi mani ba."