Rumbu a Kan Suri

Gyara zama, Malam Ɗayyabu, ka daina kallon ƙofa. Na ji abin da ka faɗa wa ma'aikatanmu. Wai tunda an yi wa matarka Saude aiki, an ƙara mata ruwan maganin nan har gashinta ya zube, hoto kuma ya nuna cikinta fes, ba ka ga dalilin da za mu ci gaba da kiranta muna ɗibar jini ba. Ka kuma ce a ba ka tsokar da aka cire mata ka je ka binne, don ba ka san abin da mu likitoci muke ƙullawa da naman mutane a ɗakin bincike ba. Ban ga laifinka ba. Da ka san yawan zargin da na tsufa da shi a wannan aiki, da ka ce na fi ka, sai dai ni ba mutane nake zargi ba. Bari in ba ka misali.

Wani manomi ne suri ya tashi a bayan gidansa. Gara ta hana shi sakat, yau ta ci zana, gobe ta ci ƙotar fartanya. Ran nan ya fusata, ya ɗauki diga ya rushe surin har ƙasa, ya kwarara tafasasshen ruwa, ya bi da maganin feshi. Gara ta mutu tuli, sai da aka sa tsintsiya aka kwashe. Maƙwabcinsa ya leƙo ta kan katanga ya yi masa barka, sannan ya tambaye shi ko ya ga uwar. Ya ce masa can ƙasa, cikin wani ɗan ɗaki mai tauri, akwai wata fara ƙatuwa kamar babban yatsa, ba ta fitowa, ba ta cin zanar kowa, aikinta haihuwa kawai, kuma in ya yarda su haƙa tare su ciro ta. Manomi ya dube shi sheƙeƙe. Ya sha jin cewa masu asiri na neman uwar gara ido rufe, ga shi kuma tun bara suna 'yar tsama a kan iyakar gona. Ya ce a ransa, da walakin goro a miya.

"In wani abu kake nema a cikin ƙasa, ka tona gidanka," ya ce masa, ya juya baya.

Wurin ya kwanta sumul kamar an daɓe shi, kuma kowa ya san ƙasar suri wajen ƙarko. Mutumin naka ya ga banza ta faɗi. Ya kwaɓa ƙasar, ya jera duwatsu, ya ɗora sabon rumbu daidai inda surin yake. Da kaka ya zuba geronsa kaf, har da na iri, ya liƙe baki. Duk rani yana zagaya rumbun yana dubawa, bai ga ko siririn zanen ƙasa a jikin bango ba, har ya koma yi wa maƙwabcin habaici in sun haɗu a dandali. Ashe 'ya'yan uwar sun bi ta tsakanin duwatsu, ta ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa. Da ruwan shuka ya sauka ya hau ya buɗe don ya ɗebi iri, ya tarar da dammuna jere yadda ya ajiye su. Ya kama na sama, sai ya marmashe a hannunsa, ƙasa da ƙaiƙayi. Ya zura hannu har kafaɗa bai taɓo zangarniya ɗaya mai ƙwaya ba. Matarsa kuwa tana tsaye a ƙasa da ƙwarya, tana jira ya miƙo.

To Malam, ciwon dajin da ke kama jakar ƙwan haihuwa, irin na Saude, da ɗan'uwansa mai kama tsokar nan ta bayan tumbi wadda ke daidaita sukari a jini, sun sha yi mana haka. Magani ya narkar da ƙari, hoto ya fito fes, a je gida a yanka rago, a kwana a tashi a dawo mana da mutum ranga-ranga. Abin da muke zargi shi ne a cikin ƙarin akwai wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan masu likimo. Magani kan bi ta kansu ya wuce, in ƙura ta lafa su sake haifar wani. Su muke tonowa a cikin tsokar nan, mu gane kamanninsu, mu san abin da ke kashe su. Ba mu gama ganewa ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Mai yiwuwa Saude ta rabu da abin nan har abada, Allah Ya sa haka. Amma ni shirun nan tsoro yake ba ni, don na je ta'aziyyar matan da hotonsu ya fi nata kyau, kuma har yau abin na ci mini rai. Tsokar tata ce, in ita ta ce a bayar a binne, za a bayar. Ka zarge ni iya son ranka, ba zan yi fushi ba, amma duk ranar da aka ce ta dawo asibiti, ka kawo ta tun tana takowa da ƙafarta. Kada watarana mu zauna ni da kai a kan tabarmar makoki muna faɗin abin da Hausawa suka daɗe da faɗa, an kashe maciji ba a sare kai ba.